Gidan gas ko gidan lantarki: wanne za ka kama haya a Birtaniya kafin sanyi ya shigo?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Birtaniya karatu a watan Satumba suke sauka, lokacin da gari bai riga ya juya ba. Mutum zai bi ejan ya duba gida, ya tambayi kuɗin haya, ya auna nisan makaranta ko asibitin da zai yi aiki, ya nemi sanin inda masallaci yake da shagon naman halal. Abin ɗumama ɗaki da ke manne a bango ƙarƙashin taga kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Alhali daga Oktoba zuwa Afrilu wannan abin ne zai nuna ko iyali za su kwana cikin ɗumi, da kuma nawa kamfanin wuta zai riƙa zarewa daga asusu duk wata.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Hunturu busasshe ne, ko a Jos ne da rana ta ɗaga jiki ya saki. Na Birtaniya jiƙaƙƙe ne, yakan shiga bango ya zauna, ga shi a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Bargo da rigar sanyi suna ɗumama mutum, amma ba sa ɗumama bango, kuma bango mai sanyi shi ke jawo fumfuna. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗakin da ake zaune a ciki ya yi ƙasa da digiri 18, musamman idan akwai tsoho ko marar lafiya. Don haka maganar ba ta ko za a kunna ba ce, sai dai da me za a kunna.

Gidajen haya da za ka tarar kusan iri biyu ne. Na farko gida mai boilar gas: boila tana dafa ruwa, famfo yana tura shi cikin bututu zuwa lagireto a kowane ɗaki, ƙarfen ya saki zafin, ruwan ya koma a sake dafa shi. Aikinsa ɗaya da lagireton mota, sai dai a mota zafin ake son kora, a nan kuwa shi ake nema. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan gida uku cikin huɗu a Ingila da Wales da gas suke ɗumama. Na biyu gidan da babu gas sam, komai lantarki ne, kuma galibi fulat ne a dogon bene ko tsohon gini da aka yanka ɗaki-ɗaki. Irin wannan hayarsa kan ɗan yi sauƙi, shi ya sa baƙo yake faɗawa.

Lissafin da ejan ba zai yi maka ba

Duk wanda ya taɓa sayen wuta a mita mai kati a Kano ko Yamai ya san yunit. Da shi ake auna lantarki da gas duka a Birtaniya. Hukumar Ofgem ce ke ƙayyade iyakar farashi, tun 2019 take yi, yanzu kuma duk wata uku take sabuntawa. A ƙarshen 2025 yunit ɗin lantarki yana kusan peni 26, na gas kuwa peni 6 da ɗoriya. Farashin yana hawa yana sauka, ya yi mummunan tashi a 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukiren, amma tazarar da ke tsakani ta daɗe tana nan: lantarki ya ninka gas kusan sau huɗu.

Mu ɗauki hita mai ƙarfin kilowat 2. Idan ta yi awa shida tana ci a rana, wata guda ta sha yunit 360, wato kusan fam 94 a ɗaki ɗaya tak. Wannan zafin dai, idan boilar gas ta zamani ce ta bayar, ko da an cire abin da ke bin bututun hayaƙi ya tafi, kusan fam 25 ne. Iyali mai falo da ɗaki biyu su ninka sau uku su gani. Fam ɗarin da aka yi murnar an rage a haya, kafin Janairu ya ƙare ya koma inda ya fito har da ƙari. Araha ba ta ado.

Gas ma yana da nasa harajin. Kowace mita akwai kuɗin da ake cira kullum ko an yi amfani ko ba a yi ba, na gas a ƙarshen 2025 kusan peni 34 ne a rana, ya haura fam 100 a shekara. Gidan lantarki zalla ba ya biyan wannan. Ga gwauro mai ɗaki ɗaya wanda yake wuni a laburare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga iyali kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka haɗa shi da bambancin farashin yunit. Masu mita mai kati su lura: wannan kuɗin yana taruwa ko da rani, sai mutum ya sa kati a Oktoba ya ga an haɗiye rabi.

Wata yaudara da ta cika kasuwa ita ce hitar da ake tallata wai ba ta shan wuta. Hitar lantarki, ko mai fanka ce, ko mai jan haske, ko mai mai a ciki wadda ake turawa a kan taya, ko farantin da ake kafewa a bango, duk yunit ɗaya na wuta yunit ɗaya na zafi take bayarwa. Ta fam 20 da ta fam 400 a nan kunnen doki suke. Bambancin yana wajen yadda zafin ke fitowa. Mai fanka tana ɗumama nan take, da an kashe ta ɗaki ya huce, ga ƙara. Mai mai a ciki tana jinkirin tashi amma tana riƙe zafi, ba ta da hayaniya, kuma man ba ƙonewa yake ba, ba a ƙara shi. Idan dole sai an saya, ni ita zan zaɓa, wadda take da ma'aunin da ke kashe ta idan ɗaki ya kai zafin da aka sa. A soka ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a wayar ƙari ba, kuma kada a yafa mata kaya.

Hita mai ajiyar zafi: ba ta kowa ba ce

Akwai wata irin hitar lantarki da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke rikita mutane. Akwati ce mai kauri da nauyi, cikinta bulo ne. Da dare take jan wuta ta gasa bulon, da rana bulon ya riƙa sakin zafin a hankali. Ana amfani da ita ne da tsarin farashin da ake kira Economy 7, wanda ya fara a 1978: awa bakwai na dare, galibi daga tsakar dare zuwa wayewar gari, wuta tana da rahusa sosai, amma farashin rana ya fi na kowa tsada.

Tsohuwar ƙirar tana da mamurɗi biyu a sama. Ɗaya yana ƙayyade yawan zafin da za ta tara da dare, ɗayan kuma yana buɗe kafar da zafin ke fita. Wanda bai sani ba yakan bar na fitarwa a buɗe, sai ɗaki ya yi zafi da asuba yana barci, ya fita aiki zafin ya ƙare a banza, ya dawo bayan magariba ya tarar da bulo ya huce. Sai ya jawo hita mai fanka ya kunna a farashin rana, ya biya sau biyu. Dabarar ita ce a rufe na fitarwa kafin a kwanta da kuma kafin a fita, a buɗe shi da yamma, a kuma riƙa duba hasashen yanayi, domin zafin gobe yau da dare ake tara shi. Ko da an bi wannan, tsohuwar tana yoyon zafi ta jikinta. Sabuwar ƙirar, irin su Dimplex Quantum, an lulluɓe ta da kyau, tana da fanka da agogo, tana iya riƙe zafi har dare.

To wa ta dace da shi? Gidan da ake wuni a ciki, kamar uwa mai goyo, ko ma'aikacin jinya mai aikin dare da ke barci da rana. Wanda ke fita da sassafe ya dawo da dare, tsohuwar ƙirar ba za ta yi masa rana ba. Abin da ya fi muni shi ne gida mai irin wannan hitar amma mitarsa farashi ɗaya take caji dare da rana, ko kuma akasin haka, mita ta Economy 7 amma hitocin farantin bango ne da ke cin wutar rana. Ka duba mitar da idonka: idan tana nuna karatu biyu, ta dare da rana ce.

Lagireton gas yana son kulawa

Hitar lantarki ba ta da wani gyara, sai share ƙura. Na gas kuwa yana da 'yan hidimomi, mafi yawansu ɗan haya zai iya da kansa.

Idan ka taɓa lagireto ka ji ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce ta taru a ciki. Kashe boila, bari ƙarfe ya huce. A gefen sama akwai ɗan ƙaramin bawul mai kai murabba'i, makullinsa ana samu a kowane shagon kayan gini da kuɗi kaɗan. Tara tsumma a ƙasa, murɗa shi hagu kamar rubu'in zagaye, za ka ji iska tana huci. Da ruwa ya fara fitowa sai ka mayar ka ɗaure, ba da ƙarfin tsiya ba. Kada ka kwance shi gaba ɗaya, ruwan ciki baƙi ne, idan ya zuba a kafet kuɗin ajiyarka ne zai biya. Bayan haka ka je ka duba gejin da ke jikin boila: idan tana sanyi allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa, akwai ɗan bututun ƙara ruwa a ƙarƙashinta, a buɗe a hankali har allura ta hau, a rufe tam. Idan kullum sai an ƙara, akwai inda yake yoyo, wannan kuma aikin mai gida ne.

In kuwa sama ne da zafi, ƙasa da tsakiya sanyi, to laka ce: tsatsar cikin ƙarfe da ta kwanta ta toshe hanya. Sakin iska ba ya maganinta, sai mai gyara ya wanke bututun ya zuba maganin hana tsatsa. Idan lagireto ɗaya ne ya ƙi tashi gaba ɗaya a farkon sanyi, galibi ɗan tsinken da ke ƙarƙashin mamurɗinsa ne ya maƙale saboda ya yi watanni a rufe. Ana kwance kan robar da hannu, a danna tsinken a hankali har ya riƙa dawowa da kansa.

Shi wannan mamurɗin mai lamba 1 zuwa 5 mutane da yawa ba su gane shi ba. Ba totur ba ne. Lambar tana nufin zafin da ɗaki zai kai kafin ruwa ya daina shiga, 3 kusan digiri 20 ne. Kai shi 5 ba ya sa ɗaki ya yi saurin ɗumi, sai dai ya hana shi tsayawa. Falo a 3, ɗakin kwana a 2 ko 3, ɗakin da ba kowa a 1 ko 2 a ja ƙofa, amma kada a kashe shi ƙurmus, domin ɗakin da aka bari ya sandare nan danshin gida yake taruwa. Ɗakin jariri kuma tsakanin digiri 16 da 20 ake so, ba a mayar da shi gidan burodi.

Akwai wani rangwame da ke ɓoye a jikin boilar kanta. Tun 2005 doka ta sa sababbin boilolin gas su zama masu tatsar zafi daga tururin hayaƙinsu, amma ba sa yin haka sosai sai ruwan da ke dawowa ya yi ƙasa da kusan digiri 55. Masu kafawa sukan bar ta a 70 ko 80. Idan boilarka mai ba da ruwan zafi kai tsaye ce, babu tanki, rage zafin ruwan lagireto zuwa 60. Ɗaki zai ɗan jima kafin ya yi ɗumi, amma gas zai ragu. Idan akwai tankin ruwan zafi kuwa, kada ruwan tankin ya yi ƙasa da 60, saboda ƙwayar cuta da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. In aka yi sanyi mai tsanani boila ta tsaya tana gurnani, fita waje ka duba farin bututun roba da ke zubar da ruwanta, yakan daskare. Haka ya faru da gidaje bila adadin a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. Ruwa mai ɗumi ake zuba masa, ba tafasasshe ba.

Iyakarka ke nan. Buɗe cikin boila ba naka ba ne, ba kuma na wani ɗan'uwa da ya iya gyare-gyare ba ne. Sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe doka ta yarda ya taɓa. Wajibi ne mai gida ya sa a duba kayan gas duk shekara ya ba ka takardar, kuma dokar haya ta 1985 ta ɗora masa gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi. Tun Oktoban 2022 a Ingila dole ne ya sa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksayid a ɗakin da boila take. Wannan iskar ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda ke kashe masu kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. A gidan Birtaniya mai tagogi a liƙe, shigo da gawayi ko kunna kan murhun girki don jin ɗumi ganganci ne tsantsa. In ka ji warin gas, buɗe taga, kada ka taɓa makunnin wuta, fita ka kira 0800 111 999.

Ginin ya fi hitar muhimmanci

Kowace irin hita ka samu, idan gidan rariya ne, titi kake ɗumamawa. Gidan da ba a yi wa komai ba kusan rubu'in zafinsa ta rufi yake fita, kusan sulusi ta bango. Jerin tsofaffin gidajen jan bulo da suka cika Bradford da Manchester da Birmingham, waɗanda aka gina kafin shekarun 1920, bangonsu falle ɗaya ne, babu rata a tsakiya da za a cusa wani abu. Suna da faɗi da rufi mai tsawo, suna kuma cin gas. Fulat ɗin da ke tsakiyar bene, da maƙwabci a sama da ƙasa da gefe, shi ne mai sa'a, kowa yana taya shi. A nan ne lissafin da na yi a baya zai iya juyewa: ƙaramin fulat sabon gini mai lantarki yana iya fin tsohon gidan gas na ƙarshen layi sauƙi.

Ba sai ka yi canke ba. Kowane gidan haya yana da takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida ke tattalin wuta da gas, mai daraja daga A (mafi kyau) zuwa G, tana aiki shekara 10, kuma ana duba ta kyauta a shafin gwamnati da lambar unguwa. Tana faɗin irin bangon, da abin da ke saman silin, da irin hitar. Tun Afrilun 2020 haramun ne a Ingila da Wales a ba da hayar gidan da ya gaza E, sai wanda aka yi wa uzuri a rajista. Amma E ɗin nan ƙyar ne. C shi ne abin nema, D a yi haƙuri da shi idan gas ne, E mai lantarki kuwa ni ba zan kai yara ciki ba.

Manyan ayyuka, kamar shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 270 a saman silin ko sauya taga zuwa mai gilashi biyu, na mai gida ne. Ɗan haya nasa ƙanana ne, amma suna tasiri. Soso mai gam a kewayen ƙofa da taga, tsumma ko matashi mai tsawo a ƙasan ƙofar waje, da murfi a kafar wasiƙa. Taga mai gilashi ɗaya a manna mata farar ledar da ake ɗamewa da na'urar busar da gashi. Labule mai kauri a ja shi da rana ta faɗi, sai dai kada ya sauko ya rufe lagireto, in ba haka ba zafin bayan labule zai bi ya tafi wa gilashi. A janye kujera daga gabansa ko da taƙi ɗaya ne. Takarda mai ƙyalli da ake saƙawa a bayansa tana da amfani a bangon waje, musamman mai falle ɗaya, a bangon da ke tsakanin ɗakuna kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Sai dai a yi hattara, ba kowace kafa ake toshewa ba. Ramukan iska da ke jikin bulo, da 'yar kafar saman taga, da fankar banɗaki da ta kicin, da gangan aka yi su. Girkinmu na dogon dahuwa ne, wake da ganda da farfesu sai su yi awanni suna tururi, ga wankin yara da ake shanyawa a ɗaki, wanda kowane zubi yake sakin kusan lita biyu na ruwa cikin iska. Duk wannan ruwan bango mafi sanyi yake nema ya kwanta. A rufe tukunya, a kunna fanka, a ja ƙofar kicin, a shanya kaya a ɗaki ɗaya da taga a ɗan buɗe maimakon a jibge su a kan lagireto, a goge raɓar taga da safe. Fumfuna ba ƙazantar bango kawai ba ce. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale saboda ita, kuma dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025, tana tilasta wa masu gidajen hukuma da na ƙungiyoyi gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Gidan lantarki ya fi faɗawa wannan matsalar, ba don lantarki na kawo danshi ba, sai don tsada tana sa a ɗumama ɗaki ɗaya a bar sauran.

To wanne za a ɗauka? Mai iyali, gas da lagireto, a gida mai C ko D, ko da hayar ta ɗara da fam 50 ko 100. Ɗalibi shi kaɗai, ɗaki a gidan haɗaka da aka haɗa kuɗin wuta cikin haya ya fi masa kwanciyar hankali, amma ya karanta yarjejeniyar, wasu suna sa iyaka, kuma ya tambayi a hannun wa ma'aunin zafin yake, don akwai masu gidan da ke kulle shi. Ma'aurata biyu a ƙaramin fulat na zamani mai B ko C, lantarki ba abin tsoro ba ne. Wasu dogayen benaye kuma boila ɗaya ce ke ba kowa zafi, lagireto ne a ɗaki amma ba ka da ikon sauya kamfani, sai a nemi ganin bil ɗin wanda ya tashi kafin a sa hannu.

Wanda ya kai ga sayen gida nasa yana da zaɓi na uku: na'urar da ke zuƙo zafi daga iskar waje ta zuba shi cikin ruwan lagireto. Da lantarki take aiki, amma yunit ɗaya yana ba da kusan uku na zafi, shi ya sa kuɗin gudanar da ita yake kusa da na gas. Gwamnati tana ba da tallafin fam 7,500 a Ingila da Wales tun Oktoban 2023. Ruwanta ba ya zafi kamar na boila, don haka sau da yawa sai an sauya wasu lagireto da manya, kuma a fara gyara rufi da bango kafin a kira mai kafawa.